Tagar da Hedimasta Ya Riƙa Rufewa

A da, in noman rani ya matso, mutum muke tayarwa ya je ya nemo mana ruwa. Tun da aka datse gulbi a Goronyo aka ja magudanai zuwa fadamunmu, haka muka saba. A zauna a rubuta sunan kowa da fangulansa da abin da zai shuka, albasa ce ko tafarnuwa ko alkama, sannan a danƙa wa mutum ɗaya takardar ya hau keke ya kai ofis. Ba ya juyowa sai ya ga hannun da ya karɓa, ya ga an buga hatimi. In ya dawo kuwa sai an tambaye shi wa ya iske, mi aka ce masa, har kujerar da aka ba shi ko aka hana shi sai mun ji labarinta. Yanzu ba mai hawa keke. Gaban kwamfuta ake zama a danna, kuma in abu ya ɓaci a tsakani, babu fuskar da za ka tuna ka ce wannan ne ya karɓa.

Ni ba baƙon hanya ba ne. Gidanmu gidan karatu ne a Wurno, amma ƙafa ta ɗauke ni tun ina saurayi. Na yi fataucin goro tsakanin Kumasi da gida, na zauna Abijan har Faransanci ya kama bakina, na bi ƙasa ta Cadi da Sudan na sauke farali, na yi shekaru a Jidda ina yi wa wani ɗan kasuwa tafinta. Fulatanci kuwa a nono na sha shi. Da ƙarfi ya fara ja baya na dawo na kama lambu a wani ƙauye tsakanin Wurno da Goronyo, inda mahaifina ya bar fadama. Na faɗi wannan ne don a san na ga yadda mutane iri-iri suke miƙa baƙo daga hannu zuwa hannu, kuma ban taɓa ganin inda aka yi shi da wulaƙanci irin yadda wata manhajar kwamfuta ta yi mana ba.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne sakataren ƙungiyarmu ta masu ban ruwa. Hedimasta muke ce masa. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, ya zo garinmu yana matashin malamin firamare, ya koyar har ya yi ritaya, bai koma ba. Ranar da aka kafa ƙungiya ni na miƙe na ce a ba shi littafi. An ɗan yi gunaguni, sai na tambayi masu gunagunin wane ne a cikinsu bai koyi rubuta sunansa a hannun mutumin nan ba, na kuma ce ba shi da ƙane ko suruki a bakin magudana da zai karkata wa. Aka ba shi. Shekaru yana riƙe da littafin, ba a taɓa cewa ya rage wa wani kwanan ruwa ba. Ba shi da dangi a garin, ba shi da sarauta, lambunsa fangali kaɗan ne can ƙarshen fadama kusa da gulbi. Abin da ya mallaka duka shi ne in ya ce an yi, kowa ya yarda an yi. Wannan yardar ce ta shiga haɗari, kuma ni na tsaya masa tun farko.

Wata shekara wani shiri na tallafa wa manoman rani ya karɓi tsara rabon ruwa a ƙananan magudanan yankinmu. Suka ce an daina kawo takarda. Kowace ƙungiya za ta shigar da sunaye cikin manhajar da suka yi, ta aika ta intanet kafin ranar rufewa, daga nan su fitar da jadawalin buɗe ƙofofin ruwa. Manhajar da ɗan abin kama intanet su ke bayarwa, kwamfuta kuwa kowa ya nemo tasa. Ni na nemo tamu. Ɗan wani tsohon abokin fataucina a Birnin Ƙwanni ya ba ni ita kyauta, ta hannu ce da ta biyo ta Kwatano, irin mai akwati da allo daban. Na ɗauko ta ina jin na yi wa garinmu abin arziki. Aka aje ta a ɗakin ajiya na makarantar firamare saboda can ne akwai wutar sola.

Aka kira sakatarori horo na yini biyu a Goronyo. Hedimasta ya je da sabon littafi, ya dawo da shi cike da rubutu mai kyau, irin na malaman da. Ya nuna mini shafin farko, inda ya ja layi biyu a ƙarƙashin doka ta ɗaya da mai horon ya ba su: duk tagar da ta buɗe kanta a allo ba kai ka kira ta ba, balle in da yaren da ba ka sani ba, rufe ta nan take, ƙwayar cuta ce mai cinye aiki. Hedimasta mutum ne da ya yi rayuwarsa yana ba da doka ana bi. Da aka ba shi, ya bi.

Mako guda ya yi yana shigar da sunaye da yatsa ɗaya. Ya gama da sauran kwanaki a rufe, ya aika. Ya same ni a lambu ina duba irin albasa, ya ce, "Alhaji, an aika. Har sau uku na aika, rana daban-daban, don kar a ce sabis ne. Kowane karo ta rubuta mini da kore cewa an kammala."

Na ce masa madalla. Ban tambayi komai ba. Mi zan tambaya?

Irin albasa ba ya jiran kowa. In ya kai kaurin tsinken tsintsiya mai kyau, ya yi tsawon taƙi, dashe yake so, kuma dashe sai an jiƙa fangali. Duk ƙauyen mun gyara fangula, mun share magudana, mun zauna jiran ruwa. Sai jadawali ya fito, aka liƙa shi a ƙofar ruwa ta babbar magudana. Sunan magudanarmu babu. Ta gabas da mu tana ciki, ta yamma tana ciki. Kwana biyu bayan haka muka tsaya a kan gaɓa muna kallon ruwa yana wuce mu yana shiga fadamar maƙwabta, ƙofarmu kuwa da kwaɗo.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda fangulansa suka fi na kowa yawa. Tun muna yara ba mu haɗuwa sai da tsiya. Ran nan ma da tsiyar ya fara, a bakin kwalbati, mutane na tsaye.

"To, Alhaji mai yare bakwai, da wane yare za mu roƙi ruwan? Ko ka yi mai Larabci ya juyo?"

Na ce, "Kai dai bawana ne, in ruwa ya zo kai za ka fara ɗebo min."

Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Bar wasa. Kun ce an aika. Ofis sun ce ba su ga komi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin naka lambunai na bakin gulbi, shina da injin ban ruwa nashi, tun shekaranjiya ya yi dashe. Mu munka zauna awa marayu, shi albasatai za ta riga ta kowa shiga Goronyo. Mi kaka so mu ce?"

Maganar nan ba ta kwana ba sai da ta zaga gari. Kafin la'asar an ƙara mata gishiri. Wasu suka ce da gangan ya ƙi aikawa. Wasu suka ce ai dama baƙo baƙo ne ko ya shekara nawa. Mutanen da ya koya wa ƙidaya su ne suka riƙa wuce shi a hanya suna gaishe shi a taƙaice. Wannan ya ƙona mini rai fiye da ganin irin albasata yana tsufa a cikin rana.

Washegari da hantsi na same shi a ɗakin kwamfuta. Yana zaune ya tasa littafinsa gaba, idanunsa sun faɗa. Na ce, "Hedimasta, ban zo tuhuma ba. Yi min abin da ka yi, daidai yadda ka yi shi, in gani da idona."

Ya kunna. Ya buɗe manhajar, ga sunayenmu reras, kowa da fangulansa, na taubashina ma ba a rage ko ɗaya ba. Ya kai kibiyar linzami kan madannin aikawa ya danna. Koren rubutu ya fito da Turanci cewa an kammala. Ya dube ni, ya ce, "Ka gani?"

Bai rufe baki ba sai wata babbar taga ta taso ta rufe manhajar. Fara fat, ba komai cikinta sai ɗan rubutu a sama da wani ƙaramin akwati a gefe. Hedimasta ya yi tsaki.

"Ga shegiyar nan kuma. Kullum sai ta zo."

Hannunsa ya nufi kusurwa zai rufe, na kama wuyan hannun. Ban san komai game da kwamfuta ba, amma idona ya riga ya karanta abin da ke sama. Faransanci ne. Ƙaramin akwatin tambaya yake ko ana so a dawo da shafukan da aka rufe ba shiri. A can sama kuma an rubuta cewa ana kan ɗauko shafi. Na ce masa, "Dakata. Wagga ba ta ce za ta ci komi ba. Cewa ta yi a jira ta."

"Alhaji, doka ta ɗaya."

"Na ji. In ta cinye, ni na kawo kwamfutar, a ce ni ne."

Muka zauna. Sabis a ƙauyenmu kamar jakin da ya sha kaya yake. Na ƙirga numfashina har na gaji, Hedimasta yana ta motsa ƙafa. Can sai farar tagar ta fara cika daga sama, kaɗan-kaɗan. Tambarin shirin ya fito. Wurin sa sunan ƙungiya da lambar sirri ya fito. Hedimasta ya buɗe littafinsa, ga lambar ya rubuta tun a horo, ba a taɓa tambayarsa ita ba. Ya shigar. Sai ga sunayenmu gaba ɗaya sun bayyana a cikin baƙuwar tagar, a ƙasansu da wani madanni na tabbatarwa, wanda shi ne aikawar gaskiya. Madannin ya dushe, a gefensa da jan rubutu cewa an rufe karɓa.

Hedimasta ya karanta jan rubutun. Sannan ya cire tabarau ya ce a hankali, "Ashe ita ce hanyar. Sau uku tana zuwa ina korarta."

Ranar kasuwar Goronyo muka shiga mota mu biyu muka tafi ofishin shirin. Muka ratsa ta wajen 'yan albasa, buhunan bara jibge har sun fi mutum tsawo, Hedimasta bai ɗaga kai ya dube su ba. Jami'in da muka samu shi ne ya yi musu horon, ɗan birnin Sakkwato, mai fara'a, da ƙaramar kwamfutarsa a kan tebur. Ya ba mu kujeru, ya saurare mu, sai ya yi murmushi.

"Ayya, Baba, ai wannan burauza ce. Ba cuta ba ce."

Na ce ya yi mini bayani kamar ga wanda bai sani ba, don ban sani ba. Ya yi, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba, ya iya bayani. Ya ce manhajar da ke cikin kwamfuta tattara sunaye kawai take yi, ba ita ke kai su ofis ba. Burauza ita ce manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita. Iri-iri ce, kuma kowace kwamfuta akwai guda da aka naɗa ta zama ita ke amsawa in an kira. To in an danna aikawa, manhajarsu sai ta ce wa kwamfuta, ga adireshi, ba wa duk wadda aka naɗa ta buɗe. Ba ta san wace ce za ta amsa ba, ba ta san da wane yare za ta zo ba. Tamu tun daga inda ta fito aka naɗa mata mai Faransanci.

Na ce, "To in ta miƙa adireshin, tana tsayawa ta ga an karɓa?"

"A'a, Baba. Da ta miƙa, nata aikin ya ƙare."

"Shi ne take rubuta an kammala."

"E, nata ɓangaren ke nan ta kammala."

Nan ne raina ya tashi. Na ce masa, ɗana, na shiga mota daga Abijan zuwa gida ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Babu motar da ke kai ka kai tsaye, sai an yi maka juye. A Faraku an yi mini, a Gaya an yi mini, a Doso an yi mini. Direban da ya fi kowa rashin mutunci a tashoshin nan, in zai juye ka, sai ya ce maka, Alhaji, nan na tsaya, ga motar da za ta ƙarasa da kai, ga direbanta. Ya kira shi ya nuna masa kai, ya sa a ɗauke kayanka a gabanka. A Jidda na ga yadda ake miƙa alhazan da ba su jin ko kalma ɗaya ta Larabci daga hannun wani jagora zuwa wani, ba a sakin hannunsu sai na gaba ya kama. Makiyayi ma in zai bar wa wani shanu a mashaya sai ya ce ga su. Ku kuwa kun yi abin da ke sauke mutum a tsakiyar hanya, ya ce masa an iso, sannan wata mota da bai taɓa gani ba ta tsaya gabansa ba sallama, da yaren wata ƙasa. Kuma kun riga kun ce masa duk motar da ta tsaya masa ba shi ya tsayar ba, ta ɓarayi ce.

Ya ce, "Baba, ai a horo na nuna musu. Na danna, shafi ya buɗe, na tabbatar."

Hedimasta ya ce, "Yallaɓai, yi mana a taka mu gani."

Ya yi. Ya danna, kafin ƙiftawar ido shafi ya buɗe, da Turanci, launinsa ɗaya da na manhajar, lambar sirrinsa tana ciki tun tuni ba a tambaye shi ba. Ya danna na biyu. Duka bai kai tsawon atishawa ba. Wanda ke zaune a bayan aji yana kallon allon da aka haska a bango ba yadda za a yi ya san an fita daga wani abu an shiga wani. Hedimasta ya buɗe littafinsa ya tura masa. Kowace kalma ta yini biyun nan tana ciki. Babu inda aka ce wata taga za ta buɗe, a jira ta.

Jami'in ya juya shafukan, murmushin ya ragu. Ya ce gaskiya su abin a jininsu yake, ba su ɗauka sai an faɗa ba, kowa ya san haka. Na ce wane kowa? Kowa na ofishinku, ko kowa na bakin magudana? Jimla ɗaya ce fa. Ku rubuta a wurin koren rubutun nan cewa ba a gama ba, wata taga za ta buɗe, a ƙarasa a can. Wanda ya iya gina abin da ke ɗaukar sunan mutum daga ƙauye ya kai birni ba tare da takarda ba, jimla ɗaya ce ta gagare shi? A cikin maganar ne ya saki baki ya ce akwai wata ƙungiya ta wajen Rabah da ita ma ba a ga nata ba, su tasu kwamfutar tambaya ta riƙa yi da mi za a buɗe, sakatarensu ya rasa amsa ya kashe ta. Wato sun san ana faɗawa ramin, ba su rufe shi ba.

Ruwa dai ya ce zai yi mana ƙoƙari. Ya shiga wajen na gaba da shi ya fito, ya ce an sa mu a ƙarshen jadawali, bayan kowa ya sha zagaye na farko. Na gode masa. Sannan na faɗi abin da ya fi kawo ni. Na ce mutumin nan ana zarginsa a gari da cin amana. Ka zo ranar taronmu ka faɗi abin da ka faɗa mana yanzu, ko ka ba mu rubutu layi biyu da hatimi cewa ya yi abin da aka koya masa.

Ya sosa ƙeya. Ya ce ba shi da ikon rubuta abin da zai nuna manhajar na da aibi, domin ba ta da shi, ta yi abin da aka gina ta ta yi. A rahotonsu abin da za su sa shi ne kuskuren mai amfani. Zuwa taro kuma sai an ba shi izini da mota.

Kuskuren mai amfani. Na juya kalmar da Larabci a raina, na juya ta da Faransanci, ko za ta yi sauƙi a wani yaren. Ba ta yi ba. Na ce masa, "Allah ya ba ka girma, ɗana. In ka girma ka gane mi kunka yi." Muka fito.

Ruwa ya zo bayan kwana goma sha wani abu. Irin ya riga ya wuce lokacinsa, ya yi tsawo ya yi kauri, wani har ya fara ɗaura kai a inda yake. Muka datse ganyen muka dasa haka nan. Wanda ya kama ya kama, da yawa kuma daga baya suka yi zangarniya maimakon su yi ƙwaya. Kowa ya san tun ranar dashe cewa albasar bana ba ta shiga rudu, rumbun albasa, a aje ta, sai dai a kwashe a rabu da ita.

Aka kira taro a filin makaranta bayan an gama dashe. Na sa aka fito da kwamfutar bakin taga, aka ja waya, don kowa ya gani. Hedimasta ya danna, koren rubutu ya fito, farar tagar ta taso. Na karanta musu Faransancin, na fassara. Na faɗi abin da jami'in ya faɗa, na faɗi dokar da aka ba sakatarori, na ɗaga littafin na nuna layi biyun da aka ja. Na ce in akwai mai laifi a garin nan ni ne, da na ɗauko kwamfuta mai yaren da ni kaɗai ke ji, na aje, ban ko zauna na ga yadda take aiki ba.

Dattawa suka gyaɗa kai. Liman ya ce zato zunubi ne, a nemi gafarar mutum. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Na ɗauka an gama, sai taubashina ya gyara zama.

"Alhaji, mun ji. Ba mu ce da gangan ya yi ba, wanga zance na janye shi, Hedimasta ka yahe min. Amma tambaya guda. Ofis sun ba da takarda cewa laihinsu na?"

Na ce ba su ba da ba.

"To hannun wa ya ruhe tagar?"

 Ya ci gaba, ba da ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi. "Amana daban, iyawa daban. Baɗi in wata taga ta taho da yaren Sin, kai ma ba ka jin shi. Mu zauna mu sake kallon ruwa shina wucewa?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, Hedimasta ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe, ya gyara rigarsa kamar zai shiga aji. Ya ce, "Hannuna ne ya rufe. Sau uku. Na yafe wa kowa, ni ma a yafe mini albasar bana." Ya ciro makullin ɗakin daga aljihu ya aje a kan benci, ya ɗora littafin ƙungiya a kai. Liman ya ce ya dakata, ni ma na ce ya dakata. Ya ce ya gode, amma shekarunsa sun wuce a riƙa gwada shi da abin da ba a faɗa masa ba. Ya tafi gida.

Na bi shi bayan kwana biyu, na sake binsa bayan mako. Ya karɓe ni da kyau, matarsa ta kawo kunun zaƙi, muka yi hirar duniya, har ya tambaye ni yadda ake cewa jira da Faransanci ya rubuta a bayan littafin horonsa. Maganar makulli kuwa da na ɗauko ta sai ya kawar.

Shekarar da ta biyo, sabon salon manhajar ya zo. An ƙara jimlar. Da Turanci da Hausa, an rubuta cewa burauza za ta buɗe, a ƙarasa aikawa a can. Ba wanda ya aiko ya ce daga ina shawarar ta fito, ba wanda ya tambayi mi ya sami sakataren da ya faɗa ramin kafin a rufe. Na karanta jimlar a allo, na ƙirga kalmominta a yatsuna, ba su cika hannu biyu ba.

Ƙungiya ta naɗa wani mai shagon buga takardu a Goronyo, surukin taubashina ne, ya iya kwamfuta ƙwarai, aikawa ba ta sake ɓata ba. Bai san fangalin kowa da ido ba, abin da aka faɗa masa a waya shi yake shigarwa, kuma a bana ma an yi rigima kan wanda aka ƙara wa kwanan ruwa. Hedimasta yana nan a lambunsa na bakin gulbi, ana gaishe shi da girma kamar da, amma ba a ƙara kai masa takarda ya sa hannu a matsayin shaida ba. Tun daga ranar taron nan, in za a zaɓi sakatare a magudanarmu ba a tambayar wa aka yarda da shi, wanda ya iya kwamfuta ake nema.